Inda Aka Mayar da Tokar Kuraye

A wani daji da ke bayan duwatsu, akwai wani tafki da zabi suka gaji zama a gefensa tun kaka da kakanni. Wata shekara kuraye suka gano wani irin dutse a ƙarƙashin ƙasa, wanda in an sarrafa shi yakan haskaka unguwar manyan dawa. Sai dai yakan bar wata toka wadda ba ta wari, ba ta hayaƙi, amma ko kurayen ba sa taɓa ta sai da dogon itace. Ita suka riƙa ɗurawa a tuluna suna binnewa a bakin tafkin. Da zabi suka tambaya, Dila, kakakin kuraye, ya ce ajiya ce ta ɗan lokaci.

Bayan 'yan damuna, ciyawar wurin ta ƙone ba tare da wuta ba. Kwaɗi suka daina kuka. Gashin zabi ya fara zuba. Wata zabuwa mai suna Hansai ta kwanta a kan ƙwanta har lokacin ƙyanƙyasa ya wuce, ba motsi. Ta fasa ɗaya ta duba, ta tarar ɗan ya lalace a ciki. Washegari ta bi gida-gida, ta tarar kowace zabuwa na ɓoye irin nata saboda kunya.

Suka ɗunguma zuwa majalisar dawa da ke zama a gindin tsamiya. Shugabanta Raƙumin Dawa ne, wanda tsawon wuyansa ya sa ya daɗe bai san abin da ƙasa ke ciki ba. Aka ce su dawo gobe. Goben ta yi ta haihuwar wata goben, har zabi suka tare a ƙofar majalisa suna kuka, suka hana kowa jin maganar kowa. Dole aka ba su dama.

Hansai ta ajiye ƙwai a tsakiyar fili ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Ban iya dogon jawabi ba, don haka na zo da ɗana ya yi magana da kansa."

Ta sa baki ta fasa. Ɗan tsakon ba shi da idanu, ƙafafunsa a manne suke wuri guda. Giwa ta kau da kai. Goron da Biri ke tauna ya faɗo daga bakinsa, bai ma sani ba.

Dila ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma uba ne, zuciyata ta karaya. Amma wa ya ga tokar nan ta shiga ƙwai? Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Ƙila gado ne, ƙila abincinsu ne. Shawarata a kafa kwamiti ya bincika halayen zabi."

Har an fara gyaɗa kai, sai Barewa, wadda ke da ciki, ta tambaya a hankali, "Rafin da muke sha, daga ina yake tasowa?"

Hansai ta ce, "Daga tafkinmu, ranki ya daɗe."

Nan take wuyan shugaba ya sauko ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Aka manta da kwamiti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da za ka yi wa naka. Majalisa ta yanke cewa a tone tulunan kafin damina.

"A kai su ina?" in ji Giwa.

Dila ya ce, "Akwai fili a gangaren zomaye. Ruwansu ba ya haɗuwa da na kowa."

Zomaye ba su da kujera a majalisa, ba kuma wanda ya taɓa lura da haka. Aka amince. Zabi suka ɓarke da guɗa.

Hansai ta tsaya baki buɗe, tana duban 'yan'uwanta kamar ba ta san su ba. Ta ce, "Jama'a, ashe zomaye ba sa haihuwa? Mun zo ne a kashe macijin nan, ba a jefa shi ɗakin maƙwabci ba. Waɗanda suka ci hasken, su nemo inda ba mai rai su kai ta, su yi gadinta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai."

Maƙwabciyarta Ladidi, wadda ta rasa ƙwai fiye da kowa, ta ja ta gefe ta ce, "Yaya, kin yi mana ƙoƙari. Kada ki ɓata da bakinki. Mu dai a raba mu da ita."

Hansai ba ta koma gida ba. Ta nufi gangare ita kaɗai, ta iske wani tsohon zomo a bakin raminsa, jikoki na wasa a gabansa. Ta zayyana masa kome. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Baiwar Allah, Dila ya riga ki zuwa. Ya ce taki za a kawo mana kyauta. Ya kuma ce wata zabuwa za ta zo da baƙin ciki, don an ɗauke musu rabonsu. Allah ya sanyaya miki."

Tana nan tsaye, ta hango kuraye sun doso da dogayen itatuwansu, 'yan zomaye na tsalle suna yi musu maraba.

Da shekara ta kewayo, majalisa ta keɓe zama na musamman don yaba wa zomaye, saboda ko sau ɗaya ba su kawo ƙara ba. Ba wanda ya zo karɓar yabon.