Ƙarar da Ta Sa Na Warware Babur

Ina dawowa daga Bida a kan ƙaton babur ɗina na tafiyar nesa, daidai Gidan Kwano, sai na ji wani ƙwas-ƙwas daga wajen agogon gudu. Ko a jikina, don a majalisarmu ni ake tambaya duk abin da ya shafi inji, ko da yake tarihi nake koyarwa.

Da na iso gida matata ta ce, "Baban Aisha, ka kai wa Malam Ndagi bakanike mana." Na ce mata bakanike ai na marasa ido ne.

Kwana uku na yi a tsakar gida ina cire fitila, ina zare wayoyi. Ranar Asabar aka ɗaura auren ƙanena a Wushishi. Ni mai babur na bi motar haya, aka matse ni da tulin doya.

Washegari na tura wa Malam Ndagi gawar babur ɗin, matata na biye da kusoshin a kwanon miyarta. Ya jijjiga babur ɗin sau ɗaya, ya buɗe ɗan akwatin gefen agogo, ya zaro gwangwanin ƙuli-ƙuli. Ni na ɓoye shi da hannuna a Bida, don likita ya hana ni, matata kuma tana sa ido.

Ya gutsuri ɗaya ya ce, "Malam, injin nan ya ji yaji."

Har yau, ko kujera ce ta yi ƙara a gidan, sai matata ta ce, "Injiniya, warwarewa za mu yi, ko cinyewa?"