Cincirindon Mutum Ɗaya

Na buɗe wa Kawu shafin sayar da zuma a intanet, na sa manhaja biyu su ƙirga masu shiga. Ɗaya ta ce shafi ya cika maƙil, ɗayar ta ce ko ƙuda bai gifta ba. Na yanke hukunci cewa ta biyun hassada take yi, na bi Gwarzo ina shela. Kawu har ya yanka zakara.

Muna cikin ci, matata ta duba ƙirgen ta ce, "Malam, ai duk baƙin daga wayarka suke."

Labari ya kai Kabo, mutane suka yi ta shiga shafin don ganin abin dariya, zuma kuwa ta ƙare ƙaf. Har yau in na doso majalisa ni kaɗai, sai a ce, "A matsa, jama'a sun iso!"