Takalmi Ruwan Zinare

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Tsarnawa ba, ko da na so. Lokacin ban daɗe da sayen waya mai kyamara ba, ina ji da kaina a Konni kamar ni na ƙera ta. Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu mai saro kaya daga Sakkwato, takan ba ni takalma da jakunkuna in sayar mata. Ni kuwa sai in ɗauki hoto in tura wa matan buro, wato ofis, da malaman lakwal, wato makarantar boko, mai so ta zaɓa. Sharaɗin Hajiya ɗaya ne: abin da bai shiga ba ya dawo yadda ya fita.

Cikin kayan akwai wani takalmi ruwan zinare, irinsa ɗaya tak. Wata malama ta ga hoton ta ce in ajiye mata sai ƙarshen wata. Na ce wa Hajiya ai har na kai mata.

Sai ga biki. Na ce in na sa shi yini ɗaya ne, wa zai sani? Na liƙe ƙasan takalmin da salatif kada ya karce (har yaba wa kaina na yi, wai dabara). Na dai manta ba a shiga ɗakin amarya da takalmi, kuma dangin ango dangin Hajiya ne.

Muna ciki ana guɗa, sai na ji muryarta daga bakin ƙofa.

"Wanga takalmi na wa na?"

Matar da ke kusa da ni, Allah ya saka mata, ta nuna ni: "Na wagga baiwar Allah na, tun ɗazu muka yaba shi."

Hajiya ta juya shi, ta ɓare salatif ɗin a hankali gaban kowa, ga ɗigon jan farcen da take sa wa kayanta.

"Ɗiyata, ashe ke ta malamar?"

Ta jefa shi cikin jakarta. Kunya ta hana ni ko ɗaga kai. Na shiga motar Konni da silifas ɗin banɗakin gidan biki, ɗaya shuɗi ɗaya kore, kuma daga ranar ko ɗankunne Hajiya ba ta ƙara ba ni ba.

An ce zanen aro ba ya rufe katara. Ni dai na ƙara da cewa takalmin amana yakan kai mutum biki, amma ba ya maido shi gida.