Rasuwar Na'urar Faifai ta Gidan Daza

Da zuciya cike da alhini, ni Eufemia Daza ta garin Valledupar nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar faifai ta tsohuwar kwamfutarmu, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi, da faifai a cikinta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Duk abin da aka miƙa mata takan karɓa, har faifan da jikoki suka damalmale da maiƙo. Sai ta yi "zuuu, kirr, kirr", kiɗa ya tashi, mu ture kujeru gefe.

Ciwon ajalinta ya zo a mummunan lokaci. Faifan da ta riƙe shi kaɗai ya rage mana na kiɗan akodiyan, abin kiɗa mai kama da zugazugi da mijina, marigayi Anselmo, yake kaɗawa, kuma da shi jikata Yuliana za ta yi rawar cika shekara sha biyar ranar Asabar. Mun kashe kwamfutar mun kunna, shiru. Surukina Wilfrido ya kwance bayanta, ya zare wayoyi ya mayar, ya hura iska har ƙura ta sa shi atishawa. Maƙwabcinmu Don Nicanor ya ce shi ya san maganin taurin kai, ya zabga mata mari. Ta yi "tak", 'yar fitilarta ta mutu.

Na ce, "Sannunku da aiki, likitoci. Kun ƙarasa ta."

Yuliana tana kuka tana bincike a waya, ta ce wai akwai wani ɗan rami a gaban na'urar da ake sokawa. Na ɗauko allurar ɗinkina na soka. Sai ga farantin da ake ɗora faifai ya turo a hankali, faifan Anselmo na kwance a kai, ko ƙwarzane babu. Na rungume Don Nicanor kafin in tuna fushi nake da shi.

Ta rasu ta bar kwamfuta mai yawan tari, da faifai cike da kwalin takalmi, da Wilfrido, wanda har yanzu yake yawo da kusoshi biyu bai san inda suka fito ba.

Fada, limamin cocinmu, ya taimaka ya kwafe mana kiɗan a kwamfutar coci, Allah ya saka masa. Za a yi jana'iza ranar Asabar a tsakar gida, gindin lemo. Akwai romon kaza da rogo, kowa ya zo da kujerarsa. Yuliana za ta fara yin rawa da kiɗan kakanta, sannan a buɗe fili ga jama'a. Kuka kuwa sai an gama, ga wanda ya rage da numfashi.