Gwaggo Ta Tafi da Maganar Jemage a Bakinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka rasa inda za su kalla, Malam Gwadabe, tsohon magatakardan kotu da ke zaune a Ƙofar 'Yandaka, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan ma'abota shirin kacici-kacici na "Ina Masana?" rasuwar talabijin ɗinsa mai hoto baƙi da fari, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, biyar ga watan Yuni, da ƙarfe biyar da minti ashirin da shida na yamma, a kan teburinta da ke zaure, a gaban mutum tara, tana tsakiyar magana. Ta bar duniya tana da shekara ashirin ba wata huɗu.

Marigayiya ta shigo gidan nan ne a shekarar 1979, a makon da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Daga Kano aka ɗauko ta a gaban mota, a kan cinyar Malam Gwadabe, don bai yarda a sa ta a baya tare da buhunan gero ba. Tun daga ranar ta ga shugabanni iri-iri, masu kaki da masu babbar riga, ba ta kuwa taɓa nuna wa ɗayansu bambanci ba, kowa toka-toka yake fitowa a fuskarta. Ta koma ga ƙasa mako guda cif bayan sojoji sun sake komawa bariki, sai ka ce dama rakiyarsu ta zo yi.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da natsuwa. Ba ta da gaggawa: in aka kunna ta sai ta yi minti biyar tana "hummm" kafin ta buɗe ido, kamar dattijuwar da aka tasa daga barcin rana. Ba ta da ƙyale-ƙyale irin na talabijin ɗin zamani. In aka ɗauke wuta ba ta fushi, batirin mota ya ishe ta. In hoto ya fara gudu sama, mari ɗaya a kunnen hagu take buƙata, daga hannun maigidanta kaɗai, don hannun wani ba ya yi mata. Tsohon doki sai mai shi.

Amma babbar baiwar da Allah ya yi mata ita ce ta san lokacin da ya kamata ta yi shiru. Wanda bai san shirin "Ina Masana?" ba, ga yadda yake: kowace Asabar da ƙarfe biyar mai gabatarwa zai karanto tambayoyi bakwai, kowace da ɗan haske a kanta, ya bar masu kallo su yi ta fafatawa, sai a minti biyar na ƙarshe ya faɗi amsoshi. Shekara tara ke nan da Gwaggo ta kamu da wani ciwo: da zarar ta yi minti ashirin tana aiki, jikinta ya yi zafi, sai ta ce "tsit", murya ta ɗauke, hoto kawai ya rage. Tambayoyi dai ta kawo su tsaf. Amsoshi kuwa sai dai a ga bakin mai gabatarwa yana motsi. A nan ne Malam Gwadabe yake jawo kujerarsa gab da gilashi, ya gyara tabarau, ya karanta leɓen mutumin, ya juyo ya sanar da jama'a amsa. Abin mamaki, a duk tsawon shekarun nan leɓen bai taɓa saɓa wa abin da Malam Gwadabe ya riga ya faɗa ba. Da wannan shiru ya riƙe majalisar zaurensa tun da ya bar aiki, kuma watsewarta ita ce abin da yake tsoro yau fiye da rashin akwatin.

An yanke hukunce-hukunce masu yawa a gaban marigayiya, ba a kuma taɓa ɗaukaka ƙara ba. A gabanta aka tabbatar da cewa Sidini ce babban birnin Ostireliya. A gabanta aka yanke cewa ƙafar gizo-gizo shida ce. Da Alhaji Salihu, mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, ya kamo gizo-gizo a gwangwani washegari aka ƙirga aka samu takwas, Malam Gwadabe ya duba da kyau ya bayyana cewa biyun gaba hannuwa ne. Ɗanjuma mai gyaran rediyo ya sha cewa ciwon muryar nan aikin yini ɗaya ne, a ba shi ita da safe ya dawo da ita da la'asar tana magana har ƙarfe goma. Malam Gwadabe bai taɓa yarda ba, saboda tausayi, yana cewa tsohuwa irin wannan ba a kai ta ga wuƙar likita. Saboda lafiyarta ne kuma ya hana a kunna ta ranar Talata, ranar da ake maimaita shirin.

Ajali in ya zo sai ya nemi dalili. Tun da aka rantsar da sabuwar gwamnati wani irin iska ya shiga 'yan majalisar zauren. Malam Ayuba, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin kudancin Kaduna da ya yi shekara talatin a unguwar nan yana amintaka da Malam Gwadabe, shi ya fara kawo shawara cikin raha cewa tunda sojoji ma sun sauka, me zai hana a riƙa ɗaga hannu a kan amsa, mafi rinjaye su ɗauka. Malam Gwadabe ya ce ilimi ba a kaɗa masa ƙuri'a. Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu ba.

Ranar Asabar ɗin an yi ruwa mai ƙarfi tun azahar, garin ya yi sanyi, zauren ma ya yi sanyi kamar randa. Babu wanda ya lura da haɗarin da ke cikin wannan. Tambaya ta huɗu ta zo: jemage ƙwai yake yi ko haihuwa? Hasken da mai gabatarwa ya bayar shi ne a dubi kunnensa. Malam Gwadabe bai ko tsaya tunani ba, ya ce ƙwai, don duk abin da Allah ya ba fiffike ya ba shi ƙwai, daga kaza har fara. Malam Ayuba ya ce ai hasken ya gama magana, duk halittar da kunnenta ya fito waje haihuwa take yi, akuya ce ko ɓera, kuma shi da idonsa ya ga uwar jemage a kogon dutsen ƙauyensu da ɗanta manne a ƙirji yana shan nono. Malam Gwadabe ya ce wanda ya san halin mai gabatarwar nan ya san tarko yake ɗanawa da haskensa, kuma abin da yaro ya gani a cikin duhun kogo shekara hamsin da suka wuce ba shaida ce da kotu za ta karɓa ba. Alhaji Salihu, da yake ɗan kasuwa ne, ya ce mai yiwuwa wasu suna ƙwai wasu suna haihuwa. Wani daga baya ya ce a ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi a ɓangaren haihuwa.

Ran Malam Gwadabe ya ɓaci ƙwarai. Ya dafa kujerarsa ya ce, "Tau, ku shaida. In jemage bai ƙwai, ni Gwadabe na bar ba da amsa a zauren nan har in mutu. Wagga kujera, Ayuba, taka ce."

Ya faɗi haka ne da kwanciyar hankalin mutumin da ya san ƙarfe biyar da minti ashirin na nan tafe. Lokacin ya zo, ya wuce. Gwaggo ba ta ce "tsit" ba. Sanyin ruwan nan ya ratsa ta, ta samu irin sauƙin nan da majinyaci kan samu gab da tafiya, muryarta ta fito tar kamar ta amarya. A karo na farko cikin shekara tara majalisa ta ji amsa da kunnenta. Ta ɗaya ta yi daidai da ta Malam Gwadabe. Ta biyu ma haka. Ta uku ta ɗan kauce. Zauren ya yi tsit a madadinta. Sai mai gabatarwa ya gyara takarda, marigayiya ta furta kalamanta na ƙarshe a duniya: "Sai tambaya ta huɗu. Jemage dai, kamar yadda masana suka tabbatar, yana..."

A daidai nan Malam Gwadabe ya lura hoton yana neman gudu sama. Ya miƙa hannun da ya saba lallashinta da shi. Ta ce "ƙas", ta ce "fuuu", hasken fuskarta ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, ɗigon ya ɓace. Wani ɗan hayaƙi ya fito ta bayanta.

Iyalai suna amfani da wannan dama su ƙaryata jita-jitar da ke yawo daga Ƙofar 'Yandaka har Babbar Kasuwa. Gaskiya ne sauran mutum takwas ɗin ba su ga hoton ya motsa ba, amma babu wanda ya kai Malam Gwadabe kusa da gilashin. Gaskiya ne kuma an ji ƙarar marin har cikin gida, matarsa Ma'u ta fito da muciya a hannu tana tambayar ko katanga ce ta faɗi, amma wanda ya san zauren ya san yana da amsa kuwwa. Ɗanjuma da ya duba gawar ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin ciwon da ya tsaga katako daga waje ba. Ana tunatar da jama'a cewa Ɗanjuma ba likita ba ne.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, wanda tun ranar ba ya iya kallon tafin hannunsa na dama, kuma ya yi kuka na gaske, don yana son ta kamar yadda ake son ɗan'uwa. Ta bar eriya a kan doguwar gora, tana can tsaye tana jiran abin da ba zai zo ba. Ta bar batirin mota guda, da mayafin da Ma'u ta saƙa mata da kwarashi, da tabarmi uku, da 'yan majalisa takwas waɗanda yanzu ba su da dalilin zuwa zaure ranar Asabar. Ta kuma bar tambaya ta huɗu, marainiya.

Cikin masu gaisuwa, Alhaji Salihu ya fi kowa hanzari. Ya yi addu'ar Allah ya mayar da alheri, sannan ya ambata cewa yana da talabijin mai launi da ɗansa ya zo masa da ita daga Jidda, lafiyarta ƙalau, muryarta har titi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga majalisa ranar Talata da ƙarfe biyar, lokacin maimaici. Malam Gwadabe ya yi masa godiya da irin fuskar da ake yi wa mai kawo sammaci. Ya san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya kuma san mutumin da ya bar aiki, 'ya'yansa suka watsu garuruwa, in majalisarsa ta tashi sai shi da ƙadangarun bango.

Malam Ayuba ne ya tsaya bayan kowa ya tafi, ya taya Malam Gwadabe lulluɓe marigayiya da mayafinta. Yana gyara gefen zanen ya ce, "Malam, ka san matata Mary tana kallon shirin nan a gida shekara shida ke nan. Duk Asabar in na koma sai ta jera mini amsoshi bakwai kafin ta ba ni tuwo. Ka taɓa jin na zo maka da ko ɗaya?"

Malam Gwadabe ya saki gefen mayafin ya zauna a kan tabarma. Kunya ta rufe shi, har ya rasa ko haushin Ayuba zai ji ko godiya zai yi masa. Malam Ayuba ya ɗauki lemarsa ya ce shi kujerar katako ma ciwon baya take sa shi, tabarma ta fi masa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya ce ba a yi wa talabijin salla, ya kuma roƙi a daina aiko masa da irin wannan tambaya. Saboda haka an tsara kamar haka. Kayan cikinta an bar wa Ɗanjuma sadaka, ko wata mai irin ciwonta za ta amfana. Gangar jikin kuwa Ma'u ta nema, za ta ajiye a bayan ɗaki kazarta ta riƙa shiga, ta ce ko ba komai a ga ƙwai a cikinta sau ɗaya.

Za a yi zaman uku ranar Talata. Wasu sun ƙirga sun ce Litinin ya kamata, amma a lissafin kotu ba a sa ranar da abu ya faru. Za a fara karɓar gaisuwa da ƙarfe biyar daidai na yamma, a tashi biyar da rabi, a zauren Malam Gwadabe. Akwai ƙosai da kunun tsamiya. Za a shimfiɗa tabarmi ukun nan duka, za a kuma ci gaba da shimfiɗa su kowace Asabar a wannan lokaci, har abin da hali ya yi.

Malam Gwadabe ya so a rufe sanarwar nan da cewa duk wanda aka gani a gidan Alhaji Salihu ranar Talata ba masoyin marigayiya ba ne. Ya sa an rubuta, ya karanta sau biyu, ya karɓi biro ya soke da hannunsa. Ga abin da ya ce a sa a madadinsa: wanda ya biya ta can ya ji yadda jemage yake yi, ana roƙonsa don Allah ya ƙaraso duk da haka, za a jira shi.