Man Rifkatu da na matse a ƙasa

Ɗanjuma mai faci ne ya kunyata ni a gaban 'yan jami'a, kuma ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba zan taɓa mantawa da wannan ba. Shagonsa na jikin nawa a Dogarawa, ni ina gyaran babur. Aji uku ya yi a sakandare, ni aji ɗaya, shi ya sa duk abin da aka rubuta da Turanci shi nake miƙa wa.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa gari. 'Yata Hadiza tana jami'a, sun kama ɗaki a Samaru ita da wata ƙawarta da ban taɓa gani ba. Ranar wata Asabar ta zo gida, da za ta koma ta manta leda a shagona. Na buɗe (kada a tambaye ni dalili, uba ne ni), na ga man shafawa, a jikinsa da hoton baturiya kwance a bakin teku. Na miƙa wa maƙwabcina.

Ɗanjuma ya juya shi, ya motsa leɓe kamar mai karatu, ya ce, "Maigida, bilicin ne. Ƙawaye ke koya musu. Nan da salla ba za ka gane 'yarka ba."

Na yi rantsuwa in haka ne ta gama boko. Ko hannu ban wanke ba na hau babur sai Samaru.

Gidan haya ne, cike da ɗalibai, wasu na wanki, wasu na dafa taliya. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga man sama. Na ce a fito mini da wadda ke koya wa 'yata raina fatar da Allah Ya ba ta. Hadiza ta fito tana cewa, "Baba, don Allah ka tsaya ka ji." Ban tsaya ba. Na matse man nan kaf a ƙasa, har da murzawa da takalmi.

Sai labule ya ɗaga. Wata yarinya ta fito da malafa da baƙin tabarau, da filasta a ƙarƙashin kunne. Zabiya ce, fara fat. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, ni ce Rifkatu. Man nan ni na aiki Hadiza ta karɓo mini a Sabon Gari, don ba na iya fita da tsakar rana. Likita ya yanke mini wani gyambo a nan, ya ce rana ce, in ban riƙa shafa man kare rana ba, zai iya komawa kansar fata." Ta dubi ƙasa, ta dube ni. "Da akwai man da ke sa mutum baƙi, Baba, shi zan saya."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Sati guda ina zagaya kemis-kemis na Sabon Gari ina neman irinsa, da matsattsiyar robar man a aljihu, ni baƙi wuluk, masu shago suna kallona suna murmushi. Wani Inyamuri har ya ce, "Oga, madam ce ko kai?" Daga Kaduna aka samo shi a ƙarshe.

Yau Rifkatu malamar makaranta ce a Basawa, gyambon bai dawo ba. Duk Kirsimeti tana aiko mini da shinkafa da kaza, tana kirana Baba mai takalmi. Hadiza ma ta gama karatunta. Ni kuma na koyi tambayar mai kaya kafin in tambayi maƙwabci.

Ɗanjuma kuwa, da na dawo ran nan na same shi yana cin gyaɗa, wai yaya aka ƙare. Na ce, "Ɗanjuma, ashe ajinka ukun nan hoto kawai aka koya maka kallo. Daga yau ko kwalin ashana ka karanta mini, sai na nemi shaida."