Rasuwar Malam Shiru, Kwarangwal ɗin Ɗakinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ɓacin rai ya ɗan surka, nake sanar da 'yan ajin farko na karatun likita rasuwar malamina kuma abokin zamana, Malam Shiru, kwarangwal ɗin roba da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinmu. Ya rasu ranar da aka kafe sakamakon jarrabawar ƙasusuwa, bayan ya faɗo daga ƙusarsa. Ni kaɗai ce a ɗakin a lokacin, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan haka.

Marigayin ya zo hannuna ta hanyar gado, kamar yadda aka saba: wanda ya haye ajin farko ya miƙa wa na baya. Yaya, ɗan kawuna da ke aji huɗu, shi ya kawo shi a buhu. Ya ce, "Ƙanwata, riƙe wannan. Duk abin da ya nuna miki, rufe ido ki rubuta."

Na rufe ido.

A yi masa adalci, yana da halaye na gari. Bai taɓa gajiya da tambaya ba. Ya riƙe mini farar rigata ba tare da ta yamutse ba, ya kori baƙi masu dogon zama. In iska ta turo ƙofa, muƙamuƙinsa kan ce ƙwas, ƙwas, ni kuwa na ɗauka amincewa yake yi da abin da na haddace. A jikinsa na koyi kowane ƙashi, da tudunsa da kwarinsa, da inda kowace tsoka take kamawa. Sau da yawa hoton littafi ya saɓa masa a wajen ƙwauri. Na gaskata Malam, domin shi ina iya taɓa shi.

Ciwon ajalinsa ya bayyana a ɗakin jarrabawa. Malamar da ke yi mana tambayar baka ta miƙo mini siririn ƙashin ƙwauri, ta ce na wace ƙafa ne. Na ce na dama. Ta ce in sake dubawa. Na sake dubawa, na ce na dama, na kuma kawo hujjoji, na jera mata tsokoki ɗaya bayan ɗaya, kowace a inda ba nan take ba. Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, wa ya koya miki wannan?" Ban tona masa asiri ba.

Binciken gawa ya tabbatar da cewa ƙashin hagu ne a ƙafar damansa, na dama kuma a ta hagu, an ɗaure su da siririyar waya. Da aka tuntuɓi Yaya, ya yi dariya ya ce, "Au, ai ya taɓa tarwatsewa a hannuna bayan na gama da shi, na harhaɗa. Ban faɗa miki ba?" Bai faɗa ba. Shi ma marigayin, da muka shekara muna kallon juna, bai faɗa ba.

Ya rasu ya bar ƙoƙon kai mai lafiya, haƙarƙari da suka watsu a ƙarƙashin gado, da tafin ƙafa guda da har yanzu ake nema. Ya bar abokiyar ɗakina, Uwar Barci, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ta kuma ci jarrabawar. Ya bar ni da damar sake rubuta jarrabawar sau ɗaya tak. In na sake faɗuwa, sashen likitanci zai sallame ni.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da hantsi. Za a mayar da shi cikin buhun da ya zo, a ajiye a ƙofar ɗakin Yaya. Ba za a ba kowa gadonsa ba. 'Yan sabon aji da suka fara tambaya su yi haƙuri, don amfaninsu ne.

Ana karɓar gaisuwa a laburare, tebur na kusa da taga, inda zan zauna da littafin da na ƙaryata har ranar jarrabawa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su biya ta gida. Umma ba ta ji ba tukuna, kuma har yanzu Likita take kirana.